Sarewar Gide

Shekarar Nana Aisha bakwai, ba ta taɓa kiran sunan kowa ba. Likita ya ce galahanga ce. Kakarta Dada ba ta san wannan suna ba, ta dai san tun da aka tashe su daga rugarsu ta bayan Tafoki, aka rasa Gide uban yarinyar a hanya, ko ɗan gunjin da take yi ya ɗauke.

A Ƙanƙara akwai wani ɗakin shan magani inda Malama Shafa'atu ke yi wa irin waɗannan yara magani da kiɗa ran Laraba. Gurbi kaɗan ne, wanda bai amsa ba cikin wata guda sai a ba wani. Laraba uku ana kaɗa kalangu, Nana Aisha na toshe kunne tana buga kai da bango.

Ran Laraba ta huɗu Dada ta zaro sarewar Gide daga ƙugu, ta kara ce, bakinta duk ya cinye. Busar tsohuwa dai, ko akuya ba za ta waiwayo ba. Amma yarinyar ta sauke hannuwa. Ta tako, ta ɗora kunci a gwiwar kakarta, ta soma gunji a hankali tana bin sautin.

Sai Hajaratu, wata 'yar Pauwa da ta kawo ɗanta, ta miƙe tsaye.

"Malama, mi ya kawo busar daji nan? Irinta muka ji ran da aka tafi da maigidana."

Dada ta ce, "Ɗiyata, ni ma nawa ɗan, dajin ne ya cinye shi."

Mata suka ja 'ya'yansu gefe, kowa da nata miki, wa za ka ba laifi?

Malama ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Inna, a mai da sarewar."

Ana ɗauke sarewar, gunjin ya mutu. Takardar Malama kuwa layin ganga gare ta da na kalangu da na waƙa, ba na sarewa. Ta daɗe riƙe da biro tana share ido.

Dada ba ta karatun boko. Sai a bakin tasha ta miƙa wa wani mai shayi katin da Malama ta ba ta, cike da sa rai, ya karanta mata: "Ba ta amsa kiɗa."