Kwana Goma Sha Uku na Baƙon Tauraro

A Gagarawa, duk mai son sanin ranar ɗaukewar ruwa wurin Gudaji yake zuwa. Bai yi boko ba, amma ya haddace taurarin damina, kowanne da kwanakinsa goma sha uku kafin ya ba na bayansa wuri. Ƙafarsa ɗaya shanyayya ce, saboda haka daga rumbun ƙanensa Ilu yake ci.

Ƙarshen Agustan 1975, bayan magariba, gajimare ya yaye, sai ga tauraro mai haske tsakar sama, inda jiya babu komai. Kwana biyu Gudaji yana juya abin a ransa kafin Ilu ya same shi a zaure.

"Yaya, me ka gano?"

"An ƙaro mana tauraro. In an ƙara tauraro, an ƙara wa damina kwana goma sha uku."

"Ka tabbata?"

Bai tabbata ba. Amma tun shekarun fari bai ga fuskar Ilu ta saki haka ba.

"Na tabbata."

Ilu yana da tulu guda na irin farin wake, gadon gidansu, wanda ko da yunwa ta sa yaransa cin dusa bai yarda an dafa ba. Ya saba shuka rabi, ya ajiye rabi. Bana na farkon tsutsa ta cinye. Washegari ya shuka sauran duka.

Cikin mako guda tauraron ya dushe. Ruwa ya ɗauke a lokacinsa. Waken ya yi fure, furen ya kakkaɓe.

Da kaka Malam Haladu, mai koyarwa a Gumel, ya zo ganin gida, Gudaji ya tare shi da tambaya.

"Ai ba sabo ba ne, Baba Gudaji. Tsoho ne, ya kusa mutuwa. Yana da maƙwabci kusa da shi, tsohon yana ta zuƙar jikin maƙwabcin, har abin ya taru ya kama da wuta."

"Yanzu ya mutu ke nan?"

"Ina fa. Masana na zaton zai koma zuƙarsa, yana fitar da haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Ido ba ya gani."

"To, laifin wa? Mai zuƙa, ko wanda ya ƙi matsawa?"

Malam Haladu ya yi dariya. "Taurari ne fa, Baba."

Gudaji bai yi dariya ba. Ya so Ilu ya zage shi ko sau ɗaya, amma kullum tuwo na zuwa daga hannun Larai, matar Ilu, bai ragu ba.

Ranar da Ilu zai tafi cin rani, abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa a ƙofar zaure.

"Na bar wa Larai sallahu, ba za ka rasa tuwo ba. Baɗi in mutane sun zo, ka yi musu lissafinka."

"Kai fa?"

Ilu ya saɓa buhunsa. "Ni ba ni da abin shukawa, Yaya."