Ƙyallen da na dasa a bayan jaket

Ni tela ne, kuma kowane tela yana da buhun ƙyallaye a ƙarƙashin teburinsa. Wanda ya ce ba shi da shi ƙarya yake.

'Yata ta kawo mini tsohuwar jaket ɗinta ta jins, gwiwar hannu ta huje, baya ya koɗe. Ta ce, "Baba, ka yi mata faci kala-kala, shi ake yayi." Na zazzage buhu na tsinci masu kyau, na gyara bakinsu da almakashi, na dasa. Jins ba ya son wasa, layi biyu na bi kowanne. A tsakiyar baya na sa wani kore mai zanen ganye, faɗin tafin hannu.

Sai da ta fita da ita na tuna inda koren ya fito.

Akwai wani a layinmu, Guduma ake ce masa. Shi ya karya wa mai gyaran takalmi yatsu uku a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Watan jiya ya kawo zanen mahaifiyarsa da ta rasu, na ɗinka masa rigar matashin kai. Ya ce ragowar, ko zare ne, a mayar masa. Na rantse na mayar duka.

Ranar Laraba yana zaune a bencin shagona ina rage masa wando, sai ga 'yata ta shigo, jaket a jiki. Ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki.

Na ce, "Ke, koma gida, uwarki na nemanki."

"Daga wajenta nake, Baba."

"To jingina da bango, kin tare mini haske."

Guduma ya yi dariya. "Tela, ashe ka iya abin zamani. Juya mu gani, 'yan mata."

Ta juya, har da buɗe hannu. Dariyar ta ɗauke. Ya miƙe, ya ɗora yatsa ɗaya a kan koren. Ina jin ƙarar fanka.

"Cire ki ba ubanki," in ji shi a hankali. "Kai kuma warware. Kada reza ta taɓa shi."

Layi biyun nan na bi da bakin allura, ɗinki ɗaya-ɗaya, gumi na ɗiga a kan jins, shi kuma yana tsaye yana kallon hannuna. Da na gama ya karɓa, ya shafa, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji.

A bakin ƙofa ya waiwayo. "Gobe zan zo da sauran. Mu shimfiɗa a teburinka mu haɗa, baki da baki, mu ga ko zanen tsohuwa ya cika."

Na ce to. Me zan ce? Gefe huɗu na datse wa ƙyallen nan don ya daidaita, kuma mai shara ya kwashe tun makon jiya.