Kayan da Rana Ta Ci

Da Alhaji Badaruddeen ya rasu, matarsa Hajiya Maimuna ba ta yi kuka ba. Matan da suka cika falo suna ta yaba tawakkalinta, ita kuwa ta san ba wani tawakkali, ba ta jin komai ne kawai. In aka ajiye mata abinci ta ci. In aka ce mata ya haƙuri, ta ce da godiya.

Gidansu tsohon gini ne a Nasarawa GRA, mai faɗin fili da manyan itatuwa. Bayan addu'ar bakwai jama'a suka watse. 'Yarta Raudatu, da za ta koma gidan mijinta a Kaduna, ta riƙe mata hannu ta ce, "Umma, kullum ki riƙa turo mini hotonki, in ga fuskarki hankalina ya kwanta."

Takaba ta hana ta fita, sai ta riƙa zagaya harabar gidan da hantsi. Wata rana ta ɗaga waya za ta ɗauki fuskarta, sai ta ga wayar gaba take kallo. Abin da ya fito kujerar ƙarfe ce a gindin mangwaro, koren fentinta ya ɓare, tsatsa ta hau ƙafafunta. Ta danna, ta tura.

Nan take Raudatu ta kira. "Umma, ai kujerar Abba ce wannan. Kewarsa kike yi ko?"

Hajiya Maimuna ta duba zuciyarta, ba ta tarar da komai ba. Ta ce, "Dubi yadda tsatsar ta bi ƙafar nan ta hagu."

Washegari ta ɗauki famfon lambu da aka ɗaure wa wuya da roba. Daga nan sai butar alwala da rana ta koɗar, ba a gane shuɗiya ce a da ko koriya. Sai tsagaggen turmi a bayan kicin, da baro marar taya, da sakatar ƙaramar ƙofa, da tsohuwar tayar mota da aka taɓa shuka fure a ciki. Ba ta ɗaukar mutum, ba ta ɗaukar abin cikin ɗaki. Sai abin da ke kwana a waje, rana da ruwan sama suka ci rabonsu a jikinsa. Takan durƙusa har gwiwarta ta yi ƙara, ta jira inuwa ta gusa, ta sake ɗauka. Ba daɗi take ji ba, amma kafin ta ankara an kira azahar.

Malam Habibu mai kula da lambu, mutumin Ringim, ya gan ta tsugune gaban turmin, ya rugo da tsumma zai goge.

Ta ce, "Bar shi yadda yake, Malam Habibu."

"Hajiya, ai ya yi datti."

"Na gani."

Ya koma gefe yana kallonta.

Ana gobe addu'ar arba'in babban ɗanta Sagiru ya iso daga Abuja. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, idonsa ya yi ja.

"Umma, Raudatu ta nuna mini hotunan. Wallahi kunya ta kama ni. Gida ya lalace haka, kina nuna mana a fakaice, mu ba mu gane ba."

Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ga zancen ya yi mata tsawo, ta fasa.

Kwana biyu tana ciki da baƙi, tana jin ƙarar ƙarafa da muryoyin maza a waje. Da ta fito, ta tarar 'yan gwangwan sun kwashe baron da tayar da duk wani tsohon ƙarfe. An sa sabon famfo. Turmin ya zama itacen girkin sadaka. Kujerar tana nan, an shafe ta da baƙin fenti mai sheƙi, har yanzu yana wari.

Sagiru na tsaye yana jiran abin da za ta ce. Ita ma ta tsaya tana jira, ko fushi zai zo, ko baƙin ciki. Babu wanda ya zo.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ya yi murmushi, ya koma Abuja da sanyin zuciya. Ita kuma ta daina zagayen hantsi, don babu abin ɗauka. Raudatu ta yi ta tambaya, ita kuwa tana ce mata lafiya lau.

Ranar da ta fita takaba aka shirya za ta je Gawuna gaida yayarta. Direba Mamman ya ja mota, ba su yi nisa ba ta ce ya tsaya. A ƙofar wani gida da ke ƙarshen layinsu akwai bencin katako, ya yi fari fat don tsufa, tsakiyarsa ta lotsa, an tallafe ƙafa ɗaya da bulo. Ta sauko ta yi sallama da maigadin gidan, wani dattijo mai suna Malam Mahmudu, ta nemi izinin ɗaukar hoton bencin.

Ya ce, "Bismilla, Hajiya." Ya ƙara dubanta. "Ba iyalin marigayi Alhaji Badaru ba ce? Allah ya jiƙansa. Ai nan yake zama in ya dawo daga la'asar. Wancan gefen nasa ne, nan nawa."

"Me kuke cewa?"

"Ba mu cika magana ba. Motoci muke kallo. Wani lokaci ya kawo gyaɗa."

Ba ta taɓa sani ba. A zatonta masallaci yake zama har magariba.

Ta ɗauki bencin daga gaba, ta zagaya ta ɗauke shi daga gefe. Sannan ta zauna a inda aka nuna mata. Katakon ya sha rana, zafinsa ya ratsa zanenta har ya taɓa fata, ba ta tashi ba. Wata mota ta wuce, sai mai Keke, sai wata motar. Malam Mahmudu ya koma bakin ƙofa ya ba ta wuri.

Mamman ya leƙo ta taga. "Hajiya, rana na yi, Hajiya Babba na jira."

Ta miƙe ta kakkaɓe mayafinta. Ta ce wa dattijon, "In an zo za a yi masa fenti, ka aika a faɗa mini tukuna."

Ya ce to. Ta shiga mota suka kama hanyar Gawuna.