Dutsen da Ya Koma Gida

Athol Radford ya ɗaga ƙafa ya shure tulin duwatsun, suka watse suna gangarawa cikin ciyawa. Kowace Litinin, bayan baƙin ƙarshen mako sun watse, sai ya hau tsaunin da sandarsa da fulas ɗin shayi, yana rushe abin da suka gina.

Baƙi ba su da laifi sai na rashin sani, wanda ya fi dare duhu. Suna zuwa tsibirin Tasmania daga ko'ina, su hau su tarar da saman tsaunin a shimfiɗe kamar faifai, ga ƙananan tafkuna birjik, sai hannunsu ya yi ƙaiƙayi. Kowa ya ɗora dutse kan dutse, ya ɗauki hoto, ya tafi. Alhali a nan sama tulin dutse magana ce. Babu turba, babu bishiya, sai tulin da masu ɗana tarko suka jera tun zamanin mahaifin Athol. Ka tsaya a wannan, ka hango na gaba, ka nufe shi. In hazo ya sauko, su ne idon matafiyi. Tulin wasa kuwa maƙaryaci ne da ba ya jin kunya.

Mutum ko dabba, wombat kaɗai, wata dabbar daji mai gajerun ƙafafu, Athol ya yarje wa gini a nan. Ita ce ke hawa kan dutse ta ajiye kashinta mai kusurwa huɗu kamar ƙwayar sukari, ya zauna daram ba ya gangarawa. Yakan tsuguna ya daɗe yana kallonsa, ya ce wannan dai ta san abin da take faɗa.

Da safen nan ƙanwarsa Beryl, mai masaukin baƙi a gindin tsaunin, ta ƙunsa masa burodi da zuma.

"Yaya, tsararrakinka suna can suna wasa da jikoki, kai kana faɗa da duwatsu."

"Duwatsu ba sa mayar da magana. Shi ya sa na fi shiri da su."

"To ka sauko da wuri, rediyo ya ce hazo na tafe. Kuma akwai baƙuwata da ta hau tun da sassafe ita kaɗai, ko shayi ba ta sha ba. Danuta sunanta. Ka duba mini ita."

Ya same ta wajen tsakar rana, can gefe da jerin duwatsun alamar hanya, daf da inda tudun ya ƙare ƙasa ta zube zuwa kwari. Dattijuwa ce mai furfura, tana zaune kusa da wani sabon tuli da ya kai ƙugu. Ba irin na masu hoto ba ne. An zaɓi duwatsun, an gina shi da natsuwa. A samansa kuma ga wani farin dutse kamar ƙwan agwagwa.

Athol ya tsaya cak. A da kowane tulin gaskiya yana da irin wannan a kansa. Mahaifinsa ne ya yi ta hawowa da su a buhu daga rafin ƙasa, domin fari ya fi fitowa cikin hazo. Masu hawa suka yi ta jefa su a aljihu, har aka wayi gari babu ko ɗaya.

"Kai ne mai shurin?" in ji matar. "Ƙanwarka ta ba ni labarinka."

"Me ta ce?"

"Ta ce kanka ya fi duwatsun tauri."

"Ta rage miki wani abu." Ya dogara da sanda. "Baiwar Allah, wurin nan bai dace ba. Mai saukowa cikin hazo, in ya tsaya a tulin can, naki zai fara hangowa kafin na gaskiya. Bayan naki kuwa babu komai sai iska."

Ba ta yi musu ba. Ta ce mahaifinta mutumin Poland ne, ya zo bayan yaƙin duniya na biyu yana saurayi, ya yi aikin ginin madatsun ruwa a wannan yanki. Ran Lahadi yakan hawo ya zauna a nan, domin kwarin ya yi kama da na garinsu, wanda bai sake gani ba. Farin dutsen ya zauna a tagar ɗakinsa a Melbourne tun kafin a haife ta, ba mai taɓa shi. Da tsufa ya ci ƙarfinsa har sunanta ya ɓace masa, abu ɗaya yake nanatawa, wai dutsen ba nasa ba ne, a mayar.

"Ba shi da kabari, Baba. Ya zaɓi a ƙona gawarsa. Wannan ne kaɗai wurin da zan nuna in ce ga shi nan." Ta shafa gefen tulin. "Ka bar mini shi na yini ɗaya. Gobe in na tafi ka yi abin da ka saba. Kada dai idona ya gani."

Athol ya dubi ƙafarsa ta dama, wadda ba ta taɓa tambayar tuli na wane ne ba. Ya dubi tudun, babu kowa, Litinin ce. Ya ce a ransa, yini ɗaya me zai ci?

"Sai gobe," ya ce.

Ta tambaye shi wani ɗan tafki da mahaifinta ke yawan ambata, mai tsibiri a tsakiya da bishiya ɗaya tal a kai. Athol ya san shi, ya kai ta. Suka zauna a bakin ruwan suka raba burodin, suna karɓa-karɓa da murfin fulas. Ya gaya mata bishiyar ta girmi duk wani coci da ke ƙasar, amma ba ta fi shi tsawo da yawa ba, don a nan sama komai a hankali yake girma. Yana cikin bayanin ne tsibirin ya ɓace. Sannan ruwan ya ɓace. Hazon bai yi sallama ba.

"Kama bakin sandar nan," ya ce. "Kada ki saki ko da na faɗi."

Suka kama hanya, shi a gaba, ita a baya. A kowane tuli sai ya tsaya ya dafa shi, ya ƙura ido cikin farin duhun har wata inuwa ta bayyana, sannan su nufe ta. Danshi ya jiƙa musu gira. Ba a jin komai sai takunsu da numfashinta.

A wani tulin ya daɗe yana dubawa. Idon ba na da ba ne. Can sai ya hango wani ɗigon fari yana rawa a cikin hazon, kuma wani abu ya kwance a ƙirjinsa. Ya koma yaro yana bin bayan mahaifinsa, warin ɗanyun fatu a hancinsa, tsohon na tari yana cewa, bi farin, Athol, fari ba ya ƙarya. Ƙafafunsa suka ɗauki hanya da kansu, har da sauri. Ya kai tulin ya shafa shi ya wuce, yana neman na gaba.

Aka fizgi sandar daga baya.

"Baba, tsaya." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Wannan nawa ne."

Ya tsaya. Sai a lokacin ya ji iskar. Ba daga gaba take zuwa ba, daga ƙasa take tasowa, tana ɗaga masa gefen riga. Ya sa bakin takalmi ya tura wata tsakuwa. Suka saurara. Ba su ji faɗuwarta ba.

Athol ya ja da baya ya zauna a ƙasa. Gwanin iyo shi ruwa kan ci, ya sha faɗa wa wasu. Danuta ta daɗe tsaye tana kallon tulin da ta gina. Sannan ta ɗauke farin dutsen ta sa a aljihu, ta durƙusa ta fara saukar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya yunƙura zai taya ta.

"Bari. Ni na ɗora su."

Ba ta jefar da ko ɗaya ba. Kowanne sai ta nema masa wuri a cikin ciyawa ta kwantar da shi. Da ta gama, suka juya wa iskar baya, suka lallaɓa har suka dafa tulin gaskiya. Ta ciro farin dutsen, ta dubi Athol.

"A nan fa?"

"Nan ne gidansa tun asali. Babana ne ya hawo da su a bayansa." Ya share hanci da hannun riga. "Ashe babanki ne ɓarawon da muke nema tun ina yaro."

Dariya ta kuɓuce mata, ta rikiɗe ta zama wani abu dabam, ta rufe fuska da tafin hannu. Ya bar ta har ta gama. Ta ɗora dutsen, ya yi ɗan motsi ya zauna.

"Wani zai sake sace shi," ta ce.

"Zai yiwu. In ya tsufa 'yarsa ta dawo da shi."

Da suka yi nisa kaɗan ta waiga. Tulin ya narke cikin hazo, amma ɗigon farin yana nan.

Litinin ta zagayo. Athol ya hau kamar kullum, ya tarar da wani ɗan tuli a gefen tafki, 'yan duwatsu masu tangaɗi, irin na masu hoto. Ya ɗaga ƙafa. Ta daɗe a sama. Sannan ya sauke ta, ya jingine sanda, ya durƙusa da ƙyar, ya fara saukar da su da hannu.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ya shigo gida, gwiwoyin wandonsa jiƙe da laka. Beryl ta dube shi sama da ƙasa.

"Yau duwatsun ne suka rama?"

Ya zauna yana kwance igiyar takalmi.

"Suna da yawa," ya ce. "Kuma ban san na wane ne ba."