Hancin Don Efraín

Shekara bakwai Yolima tana zaryar asibitin haihuwa a birnin Cali, ta sha allura har fatar cikinta ta daina jin zafi. Ranar da likita ta ce ƙwayayen haihuwarta sun ƙare, sai dai a karɓi na wata mace a haɗa da na mijinta, ko kuka ba ta yi ba. Ta gaji da kukan ma.

"Ba za ku san juna ba," in ji likitar. "Ki kawo hotonki, mu nemo mai kama da ke."

Abu mai sauƙi a baki. Sai dai hancin da ke fuskar Yolima ba shi ta zo da shi duniya ba. Da ta cika sha biyar, sa'o'inta na ta rawa cikin doguwar riga a bikin da ake yi wa 'yan mata in sun kai wannan shekarar, ita kuwa ta kafe a fasa biki a gyara mata hanci. Hancin mahaifinta ne, direban bas da ake kira Don Efraín saboda girmamawa, hanci ƙato mai ƙusumbi. Shi ya kai ta asibitin da kansa, yana dariya wai an sauke shi daga fuskarta. Yanzu shekara tara ke nan da rasuwarsa.

Ran Lahadi suka je cin miyar kaza wajen mahaifiyarta, wadda ba ta san zancen ƙwan ba.

"Ke dai ki haihu, 'yar nema," in ji tsohuwar tana zuba mata rogo. "Za ki ga hancin Efraín ya dawo ya zauna daram. Kin zaci wuƙar likita ta kai har cikin jini?"

Mijinta Wílmar ya sunkuyar da kai cikin kwano. Yolima ta ajiye cokali, don ta san babu komai na mahaifinta da zai dawo ta wajenta. Kafin su tafi ta zare wani tsohon hoto daga akwatin tsohuwar.

Da ta koma asibiti, likita ta juya hoton, ta dube ta. "Ƙanwarki ce?"

"Ni ce, ina sha huɗu."

"Uwargida, mai irin wannan hancin sai mun nema. Zai iya kai shekara."

"Bakwai na yi, ɗaya ba za ta kashe ni ba." Yolima ta ɗauki jakarta a hankali. "Ki nemo min wadda ba ta ji kunyar fuskar babanta ba."