Farin Fure a Gidan Malam

Da buta a hannu Huraira ta yi turus a tsakar gida. A gindin katanga, daidai inda Malam yake shimfiɗa buzunsa da la'asar, wasu tsirrai ne suka ɓullo, dogaye, ba ganye ko ɗaya, kowanne da farin fure a ka. Jiya babu su. Ko kuwa akwai, ita ce ba ta lura ba? Tun da Malam Zakariyya ya rasu ta shiga takaba, abubuwa da yawa ke wuce ta a gidan nan. Ta dai san shekaranjiya aka yi ruwan farko, don ita ta kwashe shanya.

Ta sunkuya. Ƙamshi, wallahi, kamar an fasa kwalbar turare.

"Kar ki taɓa!"

Yaya Maimuna ce, yayar Malam, wadda ta zo daga Unguwar Gano taya ta zama, ta kuma karɓe ragamar gidan kaf, har da abin da za a ɗora a wuta. Ta matso tana salati, hannu a ƙirji.

"Gadali ne, Huraira."

"Mene ne kuma gadali, Yaya?"

"Ke me kika sani? Shukar masu asiri ce. A binne albasarta a gida, a riƙa ba ta nono, ita kuma ta yi wa mutum aiki. Na kasuwa daban, na mallaka daban."

"A gidan Malam?"

Nan fa ake yin ta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a islamiyya yana yi wa matan Tarauni faɗa kan bin bokaye! Bai bar gona ba, bai bar mota ba. Sunan nan kaɗai ya bari, shi ne har yau ake rage murya idan za a wuce ƙofar gidansa. In maganar nan ta fita unguwa, an gama da shi yana kwance a kabari, ba bakin kare kai.

"Ƙila wani ne ya jefo ta katanga," in ji Huraira.

"Jifa har da saiwa? A wurin zamansa?"

Ga shi ranar ganin likitanta ce, ta masu hawan jini, ita ce kaɗai fitar da ta rage mata a takaba. Ta zura hijabi, ta dawo daga zaure.

"Yaya, don girman Allah kar kowa ya ji, sai na dawo."

"Ni za ki gaya wa? Ƙanina ne fa, ciki ɗaya."

A bencin asibiti a Gyadi-Gyadi kanta ya yi ta juyawa. Inda furen ya fito, nan Malam yake alwala, amma ai kowa da inda yake alwala. A wurin yake shan furarsa, wani lokacin ya ɗauraye kwanon ya watsa a gindin katanga. Ba shi ne ba da nonon ba? Kai, a'a. To, bara kuma ai ya sa an kawo ƙasa a tifa an cike inda ruwa ke kwanciya. Amma nan aka zuba ko bayan ɗaki? Ta kasa tunawa. "Na mallaka daban." Ta tuna duk zamansu ko yaji ba ta taɓa yi ba, har ƙawaye na tsokanarta. Ta yi istigifari, kunya ta kama ta kamar yana zaune a gefenta. Sai da nas ta yi ta kwaɗa sunanta kafin ta ji. Jinin kuwa ya hau, likita ya yi faɗansa ya gama, ita ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba.

A hanyar dawowa titi ya cushe, ɗan adaidaita ya yanke ta gefen maƙabartar da aka kai Malam. Ba ta taɓa ganin kabarinsa ba, ta yi niyyar kawar da kai. Ƙofar maƙabartar a buɗe take, idonta ya faɗa ciki.

"Tsaya! Direba, tsaya!"

Su ne. Fari fat a tsakanin kaburbura, nan uku, can gungu guda, har gindin bishiyoyi.

"Waɗancan fararen, mene ne?"

Ya leƙa. "Oho, Hajiya. A garinmu albasar kwaɗi ake ce musu, da an yi ruwan farko sai su fito. Wasu kuma su ce gadali. Ni dai ban san na gaskiya ba. Mu tafi?"

To, wa ke ba matattu nono? Wa za su mallaka? Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun rasuwar, kafin ta ankara ta koma kuka. Ciyawa ce kawai. Ciyawar Allah, ta fito inda ta ga dama. Ta ce masa ya yi sauri, don Allah ya yi sauri.

Tun daga zaure ta ga takalma jibge. Yaya Maimuna, baiwar Allah, ba ta gaya wa kowa ba. Fartanya kawai ta aro a wannan gida, gishiri a wancan, kalanzir a na gaba, kowa kuma ya biyo kayansa. Tsakar gidan cike da mata. An tone gindin katanga, an jera albasoshin a faifai da furensu a langaɓe, mata sun kewaye suna kallo daga nesa.

"Yauwa, kin dawo," in ji Yaya Maimuna tana share gumi. "Na rufa masa asiri, yanzu za a ƙona."

"Ba gadali ba ne!" Huraira ta faɗa. "Ciyawa ce. Yanzu na gan ta da idona, fari fat, a maƙabartar da aka kai Malam."

Hajiya Hauwa ta gidan da ke kallon nasu, wadda duk 'ya'yanta a hannun Malam suka sauke Alƙur'ani, ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Har can ta bi shi?"

Salati ya kaure. Wata ta ce dama tana mamakin farin jinin nan nasa. Wata ta fara laluben waya a cikin hijabi. Huraira ta buɗe baki za ta kawo zancen tifar ƙasa, da ɗan adaidaita, da ruwan shekaranjiya, ta dubi fuskokinsu ta ga ba mai saya. Ita kanta ɗazu a kan benci ai ta kusa yarda.

Ta ratsa su, ta durƙusa, ta ɗauki faifan da hannu biyu ta rungume.

"Ku bar Malam ya kwanta," ta ce. "Ni na shuka. Har ya rasu bai sani ba."