Ranar da Aka Kai Khaulat Bakin Kanal

Khaulat ɗin nan da ke dogara sanda zuwa islamiyya, da ƙafafu a manne ta zo duniya. Tun daga cinya har diddige fata ɗaya ce ta naɗe su. Uwarta Saliha na yin ido biyu da ita ta sume. Kakarta Iyatu ce ta wanke ta, ta ce, "To, sannu da zuwa."

Malamar asibitin Kura da aka kira ta ce a garzaya babban asibiti a Kano. Wai irinsu ba su cika daɗewa ba, amma akwai waɗanda aka yi wa aiki suka rayu. Sai dai kafin azahar mata sun cika tsakar gida, Sa'a yayar uban jaririyar a kan gaba.

"Inna, 'yar ruwa ce fa. Saliha da tsohon ciki kullum tana wanki a kanal da tsakar rana, ai musanye aka yi. A kai musu abarsu, a ajiye a baki, a juya baya. In tasu ce su ɗauka."

Uban, Mudassiru, ya sunkuyar da kai. Ragon suna ma ya ce a dakata tukuna.

Iyatu ta dubi ɗanta, ta dubi 'yarta.

"Ba komai. Gobe da hantsi."

Ita da ta tsufa a dashen tumatir, ta san gobe ce ranar da ake rufe ruwan kanal ɗin noman rani don yankan kachala, ciyawar nan mai toshe hanya.

Da hantsi suka isa, mata a bayanta zugui-zugui. Kanal ba ko ɗigo, sai laka da maza da lauje. Iyatu ta shimfiɗa zani, ta kwantar da jaririya, ta kama ƙugu.

"Masu ɗiya, ga abarku!"

Wani manomi, Sammani, ya ɗago daga cikin laka. "Inna, lafiya?"

"Aljanu nake jira. Ko ka gan su a ƙasan nan?"

"Wallahi tun safe sai kwaɗi."

Maza suka kwashe da dariya. Sa'a ta ɓata rai. "Haba Inna, ai babu ruwa. A dawo in an sako."

"Au, su ma sai mai makullin ruwa ya buɗe musu? Aljanin da ke bin layin ruwa kamar manomin shinkafa, shi zan ba jikata? Kun ce a kawo, na kawo. Ba su zo ba, ta zama tawa."

Ta ɗauke ta. Ƙafafun ba sa warewa balle a goya, sai ta rungume ta a ƙirji ta lulluɓe da mayafi. Ta ɗaga wa wani mai babur hannu, ya tsaya.

"Bakin titi, wajen motar Kano."

Mudassiru ya biyo ta da sassarfa, takalmi a hannu. "Inna, tsaya in raka ki."

"Ka raka ni? Je ka ɗauko matarka, yarinya nono za ta sha. Sannan ka nemo rago, ba ramamme ba. In muna gadon asibiti ranar suna, a yanka duk da haka, a aiko min da hanta."

"To wane suna za a raɗa?"

"Khaulat. Kuma liman ya faɗa da ƙarfi, yadda Sa'a za ta ji daga ɗaki."

Ta dafa kafaɗar mai babur. "Ja mu tafi, ɗan nan. A hankali wajen ramuka, mutum na ɗauko."